Karatun lauya a ƙasar waje: sai an bi ta Bwari kafin a iso Bagauda

A Bagauda, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, ba nisa da madatsar ruwan Tiga, akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, a ginin da a da yake otel ɗin shaƙatawa na bakin tafki. Ɗalibai daga sassan ƙasar nan daban-daban ake turowa can su yi shekarar ƙarshe kafin a rantsar da su. Amma ɗan Kiru ko Doguwa da ya je ƙasar waje ya samo digirin lauya ba zai shiga wannan ƙofa kai tsaye ba, duk da cewa a bayan gidansu take.

Iyaye da yawa ba sa sanin haka sai bayan sun sayar da shanu ko masarar kaka sun biya kuɗin makaranta. Jikin ɗan'adam ɗaya ne a Kano da Indiya, don haka abin da likita ya koyo a can yana aiki a nan, ko da zai zauna jarrabawar lasisi. Doka kuwa kowace ƙasa da tata. Wanda ya yi karatu a Ingila bai karanci Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba, wadda ta damƙa filaye a hannun gwamna, kuma da ita ake kafa hujja a rigingimun gonaki. Bai karanci tsarin mulkin 1999 ba.

Shi ya sa Majalisar Kula da Ilimin Lauya ta wajabta wa masu digirin waje wani kwas na share fage da ake kira Bar Part I, a hedkwatar makarantar da ke Bwari, Abuja. A can ake koya musu tsarin shari'ar Najeriya da tsarin mulki da dokar laifuka da dokar filaye. Sai wanda ya ci wannan jarrabawa zai haɗu da 'yan jami'o'in gida a kashi na biyu, inda ake iya tura shi Bagauda ko Legas ko Yola ko wani reshen. Ƙarin watanni ne, da ƙarin kuɗi.

Ƙasar da aka zaɓa ma tana da nata tasirin. Uganda da Ghana da Indiya da Malesiya sun gaji tsarin shari'ar Ingila kamar Najeriya. Nijar da Benin kuwa na Faransa suka gada, kuma majalisar tana duba ko digirin ya ƙunshi darussan tsarin Ingila kafin ta karɓi mai shi. Ga batun sahihancin takarda: a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida.

Abin sha'awa, Kano ta daɗe da cuɗanya da shari'ar wasu ƙasashe. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a birni da malamai daga Sudan, ita ce ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, a 1947. Kwamitin da ya duba shari'ar Arewa a 1958, Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, ne ya jagorance shi, kuma kundin Final Kot da aka samar daga na Sudan aka tsamo shi, shi kuma na Sudan ɗin daga na Indiya na 1860. Wannan dangantaka tana sauƙaƙa fahimta ga wanda ya yi karatu a can, amma ba ta ɗauke masa zuwa Bwari.

Tsarin digiri biyu a karatu ɗaya yana jan hankalin matasa. King's College ta Landan da wata jami'a ta Paris suna da irinsa: shekara biyu a nan, biyu a can, a fito da shaidar dokar Ingila da ta Faransa. Jami'ar Musulunci ta Malesiya tana koyar da dokar zamani tare da shari'ar Musulunci. Sai dai Malesiya mazhabar Shafi'iyya take bi, kotunan shari'a na Kano kuwa da Malikiyya suke hukunci, da littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Mai son zama lauyan gado da aure a Tudun Wada zai fi samun abin da yake nema a Jami'ar Bayero, wadda ta haɗa dokokin biyu a digiri ɗaya, a kan kuɗin naira.

Musayar ɗalibai daban take. Ɗalibi ya tafi zango ɗaya ko shekara ya dawo, digirinsa na jami'ar gida ne, don haka babu ruwansa da Bar Part I. Matsalar ita ce irin wannan dama ba ta da yawa, kuma sai jami'arsa tana da yarjejeniya da ta can.

Kuɗi ma ya sauya lissafi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A Afrilun 2023 kuma yaƙin Sudan ya sa aka kwaso ɗaliban Najeriya daga Khartoum ta iyakar Masar, karatunsu a tsakiya.

Hanya mafi ƙarancin haɗari ga ɗan manomi ita ce ya yi digirin farko a gida, ya gama Makarantar Lauyoyi, a rantsar da shi, sannan ya nemi digiri na biyu a waje da lasisinsa a hannu. Tallafin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shi a 2023, na ɗalibai 1,001 zuwa Indiya da Uganda, shi ma na digiri na biyu ne, ga waɗanda suka fito da sakamako mai daraja ta ɗaya.