Amsoshin Wasiƙunku: Shin Zuba Kuɗi A Shanu Irin Na Birazil Zai Fisshe Ni?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Maigatari ta Jihar Jigawa, ya rubuto yana cewa: "Na sayar da riɗina bana, kuɗi sun ɗan taru a hannuna. Na ji a rediyo wai wani kamfanin ƙasar Birazil zai zuba kuɗi a harkar nama a Nijeriya. Ga kuma wani mutum yana yawo a garinmu yana karɓar kuɗin jama'a, wai za a saya musu shanu a wata gona, a riƙa ba su riba duk wata uku. Don Allah ku yi mini bayanin yadda mutanen Birazil suka yi arziki da shanu, kuma ku ba ni shawara."

AMSA: To, Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Labarin da ka ji gaskiya ne. A watan Nuwamba na 2024, a birnin Riyo na ƙasar Birazil, gwamnatin Nijeriya ta sa hannu a wata takardar fahimtar juna da kamfanin JBS, wanda babu kamarsa a duniya wajen sarrafa nama. An ambaci dala biliyan 2.5, wato miliyan dubu biyu da ɗari biyar, cikin shekara biyar, domin gina masana'antu shida: uku na kaji, biyu na shanu, ɗaya na alade. A wannan shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin kiwon dabbobi. Sai dai ka lura, takardar fahimta alkawari ne. A cikinta ma an ce sai kamfanin ya fara yin bincike ya ga ko abin zai biya shi. Saboda haka kada kowa ya karɓi kuɗinka da sunan wannan yarjejeniya.

Shi wannan kamfani, ka san mafarinsa? Mahauci ne guda ɗaya, José Batista Sobrinho, wanda ya buɗe rumfar nama a garin Anápolis cikin 1953, yana yanka abin da bai wuce shanu biyar ba a rana. Da aka soma gina sabon babban birninsu, Birasiliya, sai ya riƙa kai wa leburori nama. Daga nan abin ya bunƙasa.

Yanzu bari mu zo kan ƙasar kanta. Birazil tana Kudancin Amurka, kuma yawancinta ƙasar zafi ce mai damina da rani kamar tamu. A lissafin hukumarsu na 2023 suna da shanu fiye da miliyan 238, alhali ƙidayar 2022 ta nuna mutanen ƙasar miliyan 203 ne. Wato shanu sun fi mutane yawa. Mu nan Nijeriya ana ƙiyasta namu wajen miliyan 20. Su ne kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu. A 2024 sun fitar da fiye da tan miliyan 2.5, kuma kusan rabinsa ƙasar Sin ya tafi.

Idan ka ga shanun nasu za ka ce Bunaji ne. Farare ne masu tozo, ana kiransu Nelore, asalinsu daga Indiya. Tun ƙarni na 19 aka fara kai su, aka ci gaba jefi-jefi har zuwa 1962. Shanun Turai ba sa jure zafi da kaska, su kuwa masu tozo suna jurewa. Abin da mutanen suka yi shi ne zaɓe. Suna da littafi da ake rubuta asalin kowane bijimi, da nauyinsa, da yadda 'ya'yansa suka yi. Wanda 'ya'yansa ke saurin girma shi ake bari ya yi barbara, sauran a dandaƙe su a kai mahauta.

Amma ni a ganina babban sirrin ba a jikin saniyar yake ba, a ƙasa yake. Tsakiyar Birazil wani makeken daji ne da suke kira Cerrado, ƙasarsa mai tsami, da can ba ta da wani amfani sosai. Cikin 1973 gwamnatinsu ta kafa hukumar binciken aikin gona mai suna Embrapa. Masana suka nuna cewa in aka zuba garin farar ƙasa da taki, tsamin zai karye. Sannan aka shuka ciyawa, kamar yadda kake shuka gero. I, ciyawa ake shukawa, a kewaye ta da waya, a raba fili gida-gida, shanu su ci wannan ɓangare yau, a kai su wancan bayan kwanaki, na baya ya sake tohowa.

Ciyawar kuma daga ina? Daga Afirka. Wadda suka fi shukawa, Brachiaria, asalinta nahiyarmu ce. Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne gamba. Gambar nan da muke yanka muna saƙa zana da ita, an ɗauki irinta daga tashar bincike ta Shika da ke kusa da Zariya, aka gwada ta a ƙasar Kolombiya, kana a 1980 aka raba wa manoman Birazil ita da sunan Planaltina. Ranar da na fara karanta wannan, sai da na ajiye takardar na yi shiru. Mu muna cinna mata wuta da rani, su suna auna irinta a sikeli suna saye.

Abu na uku shi ne lafiya. Sun yi shekaru da dama suna yi wa shanu allurar ciwon baki da kofato, wanda Fulani ke kira boru, har a watan Mayu na 2025 hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta amince cewa ƙasar ta rabu da cutar ba tare da allura ba. Masu saye daga waje wannan suke fara dubawa. Ba kuma za mu ɓoye aibinsu ba: an sare daji mai yawan gaske a yankin Amazon domin a yi makiyaya, kuma ana ta ƙorafi a kan haka har yau.

To, batun mutumin da ke yawo a garinku. Alhaji, su ma mutanen Birazil an yi musu irin wannan. Akwai wani kamfani mai suna Boi Gordo, ma'anarsa "ƙosasshen sa". Ya riƙa karɓar kuɗin 'yan birni yana ba su takarda, wai an saya musu shanu ana turka su, riba tabbas. Ana ta tallarsa a talabijin. Ashe da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko. A 2001 abin ya rushe, mutane wajen 30,000 suka yi asara. Ban san mutumin garinku ba, ba zan ce ɓarawo ne ba. Amma ka tambaye shi abu uku: ina gonar take in je in gani? Wane sa ne nawa, kuma wace alama ke jikinsa? In ya mutu, asarar wa? Duk wanda ya taɓa kiwo ya san saniya ba ta haihuwa duk wata uku, cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki. Wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya a kan abu mai rai, ka riƙe aljihunka.

Idan kuwa shanun kake so da gaske, ga ka a bakin babbar kara, ba ka bukatar ɗan aike. Abin da ya dace da mai ƙaramin jari shi ne turka. A Birazil ma sana'ar kashi uku ce: masu haifar da maruƙa, masu rainonsu, da masu ƙosar da su. Na farko yana bukatar fili da haƙurin shekaru. Na ƙarshe shi ne kuɗinsa ke juyawa da wuri, cikin kwana 90 zuwa 120.

Shawarata ita ce ka sayi abinci kafin ka sayi sa. Da kaka harawar wake da ta gyaɗa, da kowa, da dusa, da karan dawa suna araha. Da bazara kuwa farashinsu kan tashi, a daidai lokacin da ramammun shanu ke cika kasuwa. Wanda ya tara abinci a rumbu tun kaka shi ne zai ci ribar ramammen sa. Ga lissafi mai sauƙi. Sa yakan ci busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. In nauyinsa kilo 250 ne, kilo 7 ke nan ko fiye, a kwana 100 kuwa ya haura kilo 700. Ruwa kuma, da zafi, sai ya sha jarka biyu a yini. In kana da bijimai huɗu, sai ka ninka. Ka haɗa da ƙulin auduga ko na gyaɗa, da kanwa ko gishiri. In abincin ya yi kyau, dabbar na da lafiya, za ta iya ƙara rabin kilo zuwa kusan kilo guda a rana. In abinci ya yanke a tsakiya, abin da ya tara cikin wata guda sai ya zube cikin mako biyu.

Wajen saye, kada ƙiba ta ruɗe ka, ƙashi za ka duba. Nemi mai faɗin ƙirji da tsawon baya, wanda yunwa ce ta ramar da shi ba ciwo ba. Buɗe bakinsa: mai manyan haƙora biyu zuwa huɗu a ƙasa, wato ɗan shekara biyu zuwa uku da 'yan kai, shi ne ke karɓar kiwo. Bunaji da Bokolo duk suna yi. Mai tari, ko mai majina, ko wanda ya sunkuyar da kai yana nishi, ko kyauta aka ba ka kada ka haɗa shi da naka, don ciwon huhu yana gama garke. Da ka kawo su gida kira malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar ciki da na hanta, a wanke kaska, a yi allurar rigakafi. Cibiyar Vom da ke Jihar Filato tana yin irin waɗannan allurai. Dattawanmu ba su manta da bushiyar 1983 ba. Ita kam an kawar da ita daga duniya tun 2011, amma sauran cututtukan suna nan.

Sannan ka san ranar sayarwa tun ranar saye. Ƙarshen azumi da ake watanda, da Babbar Salla, da ƙarshen shekara lokacin da fatake ke loda tirela zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal, nan ne ƙosasshen sa ke daraja. Ka ƙirga baya wata uku ko huɗu daga ɗayansu. Kafin ka ce ka ci riba, cire la'adar dillali ta saye da ta sayarwa, da kuɗin mota, da na magani, da ladan yaron da ke ba su ruwa. Takin da suka tara maka kuma ka sa shi a gefen riba, don gonar riɗinka za ta gode.

Ba zan ce ka zuba kuɗin duka ba. Ga ɓarayin shanu, ga ajali. Fara da biyu ko uku a cikin gidanka inda idonka ke kansu, ka sami littafi ka rubuta duk kwabon da ya fita, ragowar kuɗin ka bar su a hatsin da ka riga ka san kansa. In zagaye na farko ya biya, ka ƙara.

Ɗaya tambayar taka, game da shanun madara da ake yi wa barbarar allura, za mu amsa ta mako mai zuwa in Allah ya kai mu.