Jami'ar Azhar ta Masar: Abin da Ya Riƙe Ta Shekara Dubu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya yi nisa a karatun fiƙihu gaban malamin zaure a ƙasar nan, to ya ci moriyar Azhar ko da bai taɓa taka ƙasar Masar ba. Shehu Muhammadu Al-Kharashi, mai shahararren sharhin nan na Muhtasar, shi ne na farko da aka sani da muƙamin Shehun Azhar, ya kuwa rasu a 1690. Haka nan Shehu Ahmadu Dardiri, mai Aƙrabul Masaliki, a can ya karantar har ya rasu a 1786. Allah ya ji ƙansu. Saboda haka ya kamata mu san tarihin wannan gida, mu kuma san abin da ya riƙe shi.

A shekarar 969 ne Jauhar, sarkin yaƙin Halifa Mu'izzu na daular Fatimiyyawa, ya ci Masar da yaƙi, ya kafa birnin Alƙahira. Shekara na kewayowa ya aza harsashin masallaci, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a watan Azumi na shekarar 361 ta Hijira, watau 972. Fatimiyyawa 'yan Shi'a ne, don haka mazhabarsu aka fara koyarwa. Da Salahuddin Ayyubi ya kawar da daularsu a 1171, sai aka daina Juma'a a masallacin har kusan shekara ɗari. Sarki Baibaras ne ya mayar da ita a shekarar 665 ta Hijira, daga nan Azhar ta zama matattarar malaman Sunna na mazhabobi huɗu. Ko Ibn Khaldun da ya iso Masar a 1382, a nan ya fara ba da karatu.

Tsarin karatun can na da, babu ɗan ƙasar Hausa da zai yi masa baƙunta. Kowane shehi yana da ginshiƙinsa a cikin masallaci, ya zauna ya jingina, almajirai su kewaye shi. Babu aji, babu kuɗin makaranta. In almajiri ya ƙware a littafi, malaminsa ya rubuta masa ijaza, watau iznin karantar da shi. Sai a 1872 aka shigo da jarrabawar shaidar Alimiyya.

Baƙi kuwa, kowace nahiya tana da masaukinta da ake kira ruwaƙi. Akwai na Magribawa, da na Shamawa, da na Turkawa, da na mutanen Jawa, da na Darfur, har da na Barnawa. Makafi ma an gina musu zawiyarsu. Mutanenmu sun daɗe suna bin wannan hanya. Malam Muhammadu Al-Kashinawi, Bakatsine masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan mahaifin Jabarti mai tarihi.

To, wa ke ciyar da waɗannan dubban almajirai? Amsa ita ce wakafi. Sarakuna da attajirai, maza da mata, sun tsayar da gonaki da kantuna da gidajen haya, suka ce abin da suka kawo a kashe wa masu karatu. Daga nan ake raba wa almajiri gurasarsa, a sayi man fitila, a biya malami. Malamin da ba a hannun sarki yake ci ba kuwa, bakinsa a buɗe yake. Shi ya sa lokacin da wasu hakiman Mamaliki suka wawashe gidajen talakawa, wurin Shehu Dardiri jama'a suka kai kuka, ya kuwa tsaya musu. Da Faransawa suka mamaye Masar a 1798, daga Azhar tawaye ya tashi, har suka yi mata ruwan igwa, suka shiga masallacin da dawaki.

Amma al'amura sun sauya. Tun zamanin Muhammadu Ali gwamnati ta fara karɓe gonakin wakafi, ta ƙarasa a zamanin Jamal Abdul Nasir. A 1961 aka kafa dokar da ta mai da Azhar jami'ar gwamnati irin ta zamani, aka ƙara mata likitanci da injiniyanci da noma da ciniki, kana aka buɗe wa mata ƙofa. Wannan ci gaba ne, domin tun kafin nan Shehu Muhammadu Abduh, wanda ya rasu a 1905, ya sha fama kan a gyara tsarin karatun. Sai dai dokar ta sa naɗin Shehun Azhar a hannun Shugaban Ƙasa, abin da malamai da yawa suka ga tauye 'yanci ne. A 2012 aka mayar da zaɓen ga majalisar manyan malamai. Shehu Ahmad Ɗayyib ne aka naɗa a 2010.

Jama'a, muna alfahari idan ɗanmu ya dawo daga Azhar da jar dara da farin rawani, alhali malamin da ya koya masa baƙi a unguwa sai ranar Laraba yake ganin sisin kwabo. Attajiranmu ba su yi ƙasa a gwiwa ba wajen gina masallatai, Allah ya saka musu. Amma nawa ne suka tsayar da rumfa ɗaya a kasuwa, suka rubuta gaban alƙali cewa hayarta ta makaranta ce har abada? Ma'aikaci ma, ko ba shi da rumfa, yana iya haɗa kai da abokan aikinsa su sayi fili su tsayar. Manzon Allah (S.A.W.) ya ambaci sadaka mai gudana da ilmi mai amfani cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, wakafin makaranta kuwa ya haɗa duka biyun.

Allah ya ba mu ikon aikatawa, amin.