Gudawar Kwikwiyo: A Nemo Musabbabi Kafin a Nemi Magani

Karen da Bahaushe ya sani shi ne na gadi da na farauta, mai ƙashin juriya, wanda ke cin abin da ya samu ya kwana lafiya. Amma yanzu a birane irin su Abuja da Jos da Kaduna ana ƙara ganin ƙananan karnukan gida irin su Lhasa Apso da Chihuahua da Pomeranian. Galibi ana sayo su suna da makonni 6 zuwa 8, kuma ɗaya daga cikin koke-koken da masu su ke kai wa likitan dabbobi shi ne gudawar da ta ƙi tsayawa: yau ta lafa, jibi ta dawo.

Abin da ya sa ba a wasa da zawo a irin wannan kwikwiyo shi ne jikinsa ba shi da ajiya. Kamar ƙaramin tulu ne da ya tsage, kafin a ankara ya tsiyaye. Wanda nauyinsa kilo 1 ne, idan ya zubar da ruwa mililita 100, wato kusan rabin kofin shayi, ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma wannan ya isa ya kai shi gargara. Hantarsa ma ba ta iya tara sukari mai yawa, don haka in ya wuni bai ci ba sai sukarin jininsa ya faɗi, ya fara layi, jiki na rawa, wani lokaci har da suma. Shi ya sa tsohuwar dabarar hana kare abinci na yini guda, wadda takan yi wa babban kare amfani, take da haɗari a nan.

Tsutsar ciki ce ke kan gaba cikin musabbabai. Wadda ake kira Toxocara canis tana shiga jikin kwikwiyo tun yana cikin uwarsa, ta mahaifa, don haka da yawa ana haifar su da ita. Alamarta tumbi ya kumbura alhali haƙarƙari a waje, gashi ya yi hargitsai. Akwai kuma mai ƙugiya, Ancylostoma, da ke biyo nonon uwa ta maƙale a hanji tana zuƙar jini. Ita kan sa kashi ya yi baƙi kamar kwalta, dasashi ya yi fari fat.

Na biyu su ne ƙananan halittun da ido ba ya gani, Giardia da Coccidia. Giardia ce ta fi wahalar da mutane, domin kwikwiyon yana ci, yana wasa, amma kashinsa kullum ruwa-ruwa ne, mai majina da wari. Ba kowane bayan gida take fitowa a ciki ba, saboda haka gwaji ɗaya yakan iya nuna babu komai. Likitoci kan nemi a tara samfuri na kwana 3 a jere. Bayan an ba da magani kuma sai an yi wa kwikwiyon wanka, musamman masu dogon gashi, domin ƙwayoyin kan maƙale a gashin gindi, ya lashe, ciwo ya dawo sabo.

Na uku daga hannunmu yake fitowa. Tausayi kan sa a zuba wa kwikwiyo madara ko nonon shanu, alhali bayan yaye cikinsa ba ya narkar da sukarin madara sosai. Ragowar miya mai mai da yaji, ƙashin kaza, da kitsen tsire duk suna tayar da hanji, albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata ƙwayoyin jinin kare. Sauya abinci farat ɗaya ma ya isa. In za a canza, a riƙa gauraya sabon da tsohon ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana 7 zuwa 10.

Mafi muni ita ce cutar fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978. Tana cinye fatar cikin hanji, tana karya garkuwar jiki. Kwikwiyo zai daina ci, ya kwanta, amai ya biyo baya, sai zawo mai jini da ƙarni mai tayar da zuciya. Ƙwayar cutar na iya yin watanni a ƙasa, ana kuma ɗauko ta a takalmi. Sabulu ba ya kashe ta, sai ruwan bilic irin su Jik ko Hypo, awo 1 cikin awo 30 na ruwa.

To me mai kwikwiyo zai yi a gida? Idan yana da kuzari, yana ci, babu amai babu jini, a dafa masa farar shinkafa da tsokar kaza ba fata, ba mai, ba gishiri, a ba shi kaɗan-kaɗan sau 4 zuwa 6 a rana na kwana 2 ko 3. Kada a zarce da haka, don wannan abinci ba ya gina ƙashin mai tasowa. A ajiye masa tsaftataccen ruwa, irin wanda mutanen gida ke sha. A riƙa ɗaga leɓensa ana taɓa dasashi: in yana da lafiya za a same shi da danshi da santsi, in kuwa ya bushe yana danƙo, ruwan jiki ya yi ƙasa. A ɗan ja fatar wuyansa a saki. In ta yi jinkirin komawa, alama ce ta biyu. Idan ya fara layi, a shafa masa zuma a dasashi a kama hanyar asibiti.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne tsayawa a kemis. Farasitamol da ibufurofen na iya kashe ɗan kare mai kilo 1. Flagyl da ake yawan ɗura musu, in ya wuce kima yana taɓa ƙwaƙwalwa. Kafson tetirasaikilin kan ɓata haƙoran mai tasowa, kuma babu ɗaya cikinsu da ke kashe tsutsa. Jini a kashi, amai a kai a kai, ƙin cin abinci, ko zawon da ya wuce kwana 2, duk na likita ne. A ɗebi sabon kashi a leda mai tsafta a tafi da shi. Baya ga asibitocin dabbobi na jihohi, akwai na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Rigakafi kuwa tsarinsa a bayyane yake. Maganin tsutsa ana fara shi daga mako 2 da haihuwa, a maimaita duk bayan mako 2 har zuwa wajen mako 8, sannan wata-wata har ya cika wata 6. Allurar fabo ana fara ta tsakanin mako 6 da 8, a riƙa maimaitawa har zuwa mako 16. Kafin ta kammala, kada a bar shi yana cuɗanya da karnukan waje. Mai saye ya nemi katin rigakafi tun kafin ya biya kuɗi.

Maganar ta shafi lafiyar iyali ma. Ƙwan Toxocara da ya yi makonni a ƙasar tsakar gida yana iya shiga cikin yaron da ke wasa da ƙasa, tsutsar ta yi yawo har ta taɓa hanta ko ido. Don haka a kwashe kashin kare kullum, a wanke hannu da sabulu. Duk wanda ya ɗauko dabba ya ajiye a gidansa ya ɗauki amana, kuma sauke ta a nan bai fi gwajin kashi da allura a kan kari ba. Kwikwiyon da ya kwana biyu yana zawo, a kai shi wurin likitan dabbobi a yau, kada a jira gobe.