Maganin ciwon damuwa da haɗin ganye: abin da ya kamata ka sani kafin ka haɗa su

Idan likita ya ɗora ka a kan maganin ciwon damuwa, ko kana jinyar wanda yake sha, ko ba daɗe ko ba jima wani zai ba ka shawarar ka haɗa da na ganye. Za a ce maka ai tsiro ne, in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. To wannan maganar ce nake so mu duba. Akwai wani tsiro da masana suka yi shekaru suna bincike a kansa, kuma abin da aka gano ya isa ya rushe ta.

Sunansa St John's wort, a kimiyyance Hypericum perforatum. Tsiro ne mai rawayan fure, asalinsa Turai da yammacin Asiya da arewacin Afirka. Ba ya cikin itatuwan da masu maganin gargajiyarmu suka saba da su, amma yana iso mana a kwalba, cikin ƙwayoyin "gyaran yanayi" ko "kwantar da hankali" da ake tallatawa a intanet. Wani lokaci sai ka duba bayan kwalbar da kyau kafin ka ga sunansa cikin jerin abubuwan da aka haɗa.

Shin yana aiki? A shekarar 2008 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 29 da aka yi a kan mutum sama da 5,000. Ta gano cewa tsiron ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta tasiri, kuma ya yi kusan daidai da magungunan asibiti, musamman ga mai damuwa mara tsanani ko matsakaiciya. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen da ke magana da Jamusanci sun fi na sauran wurare nuna nasara, kuma wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002 bai nuna ya fi ƙwayar banza ba. A Jamus likitoci na rubuta shi kamar kowane magani. Wato dai ba tatsuniya ba ne, yana taɓa ƙwaƙwalwa da gaske. Kuma daga nan matsalar take farawa, domin duk abin da ke da ƙarfin canza aikin ƙwaƙwalwa magani ne, ko daga gona ya fito ko daga masana'anta.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu shi ne sirotonin. Bayan ƙwaya ta saki sirotonin ya isar da saƙo, sai ta sake zuƙe shi. Magunguna irin su fulokzetin, wanda aka fi sani da Prozac, da satralin, wato Zoloft, suna rage wannan zuƙewar ne, sai sirotonin ya daɗe yana aiki. Kada ka ɗauka ciwon damuwa ƙarancin sirotonin ne kawai, lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, amma wannan ita ce ƙofar da magungunan ke shiga. Shi ma St John's wort yana da wani sinadari, haifaforin, da ke rage zuƙewar. Idan ka sha su tare, ka toshe magudana ɗaya sau biyu, sai sirotonin ya yi yawa fiye da yadda jiki zai iya ɗauka.

Alamomin sukan bayyana cikin sa'o'i, galibi kafin a cika kwana ɗaya da fara haɗin ko ƙara adadin magani. Mutum zai kasa zama wuri ɗaya, gumi na karyo masa, zuciya na bugawa da sauri, hannu na karkarwa, tsokar ƙafa na fizga, ga gudawa. Idan ya yi tsanani jiki ya ɗau zafi sosai, mutum ya rikice, ya yi jijjiga, har a iya rasa rai. Ka lura da yadda wannan ya yi kama da abin da muka saba gani: a wajenmu zazzaɓi da rawar jiki sunansu maleriya har sai an tabbatar ba ita ba ce. Likitan da bai san me ka sha ba zai iya ɓata lokaci yana neman cutar da babu ita.

Ba wannan tsiron kaɗai ke yin haka ba. Akwai ƙwayoyin 5-HTP, waɗanda ake tatsowa daga irin wani tsiro mai suna Griffonia da ke fitowa a ƙasashe irin su Ghana da Togo. Jiki na mayar da 5-HTP sirotonin kai tsaye. Sannan ga tiramadol, wanda ba ganye ba ne amma kowa ya san yadda ya yaɗu a tsakanin matasa da masu aikin ƙarfi. Shi ma yana ƙara sirotonin, kuma yana iya jawo jijjiga. Mai shan fulokzetin da ya haɗiyi tiramadol saboda ciwon baya ya shiga wannan haɗarin.

Illa ta biyu ba ta da hayaniya, kuma a ganina ta fi ta farko ban tsoro. A hanta da hanji akwai wani sinadarin sarrafa magunguna da ake kira CYP3A4, wanda ke narkar da kaso mai yawa na magungunan da muke sha. Haifaforin yana sa jiki ya ƙara ƙera shi. Cikin kamar mako biyu sai hanta ta riƙa kawar da wasu magunguna kafin su gama aikinsu. Kana sha a kan lokaci, amma abin da ya rage a jininka bai kai ya yi maka magani ba.

A shekarar 2000 ne duniya ta farga da wannan. Mujallar The Lancet ta wallafa labarin mutum biyu a birnin Zurich da aka yi wa dashen zuciya, jikinsu ya fara ƙin sabuwar zuciyar bayan sun fara shan tsiron, saboda maganin da ke hana hakan ya ragu a jininsu. A wannan shekarar wani bincike ya nuna yana rage wani maganin cutar ƙanjamau, indinabir, da fiye da rabi, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi. Jerin ya haɗa da wafarin mai hana daskarewar jini, da amitiriftilin, tsohon maganin damuwa da har yanzu ake rubutawa sosai a asibitocinmu. Ke kuma da kike shan ƙwayar tazarar haihuwa, tsiron na iya rage ƙarfinta har ciki ya shiga. Kai, har Coartem na maleriya, takardar da ke cikin kwalinsa ta hana a haɗa shi da St John's wort.

To me ke kai mutum ga haɗin tun farko? Yawanci ba ganganci ba ne. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ji sauƙi, alhali tashin zuciya ko rashin barcin da yake iya jawowa tun makon farko suke zuwa. Wanda ya saba da farasitamol, ya sha yanzu ya ji sauƙi an jima, sai ya ga kamar an ba shi abin da ba ya aiki, ya nemi ƙari.

Sai kuma kunya, wadda ta fi komai nauyi. Har yanzu da an ce wane yana zuwa Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne hauka. Mai damuwa yana jin ana ce masa rashin tawakkali ne, ko rashin godiya, ko ya cika sa abu a rai. Budurwa tana tsoron kada dangin saurayi su ji. Shan jiƙo kuwa babu wanda zai tambaye ka dalili. Shi ya sa mutum yake ɓoye wa mai ganye cewa yana shan na asibiti, ya ɓoye wa likita cewa yana shan na ganye don kada a yi masa faɗa. Mutum biyu suna ba shi magani, babu wanda ya san da ɗayan. Mu ma da muke ɓangaren kimiyya da lafiya muna da laifi a nan: majinyacin da aka taɓa dizgawa saboda ya sha sassaƙe ba zai sake faɗa ba.

Abin mamaki, ɗaukar damuwa a matsayin ciwo ba baƙon tunani ba ne da Turawa suka kawo. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum babu dalili ya hana shi walwala, kuma ya danganta na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar magani. A Najeriya kuwa sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Addu'a da nasiha da zama da 'yan uwa ba sa karo da kowane magani a cikin hanta. Abin da ake haɗiya ne ke karo.

Idan kana shan haɗin yanzu kuma lafiyarka ƙalau, kada ka yanke maganin asibitin da kanka. Dainawa farat ɗaya na kawo jiri da rashin barci da saurin fushi, kuma ciwon na iya dawowa. Ka'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sannan a rage a hankali. Shi ma tsiron, idan kana kan wafarin ko makamancinsa, barinsa kwatsam zai sa maganin ya hau a jininka yayin da hanta ke komawa daidai, don haka likita zai so ya sake auna ka. Ka kuma sani fulokzetin na daɗewa a jiki makonni bayan an daina shi, saboda haka barinsa yau ka fara ganye gobe haɗawa ne.

Ka zuba duk abin da kake sha a leda, da na kwalba da na ƙulli da shayin da aka ce na barci ne, ka kai wa likita ko masanin harhaɗa magunguna ya duba. In kuwa an ga gumi da karkarwa da zafin jiki da rikicewa jim kaɗan bayan fara wani sabon abu, a dakatar da shi a tafi asibiti nan take, a tafi da ledar, a faɗa musu ranar da aka fara kowanne.