Jitar gwanjo: Abubuwan da ya kamata mai saye ya duba kafin ya biya

A garuruwa irin su Agadez da Yamai da Jos da Legas, matasa da dama masu sha'awar kiɗa ba da sabuwar jita suke farawa ba. Ta hannu suke nema, ko dai daga wajen wani makaɗi da ya samu wadda ta fi ta, ko kuma daga cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka.

Wadda aka fi nema ita ce jitar katako mai ɗauke da na'urar lantarki, domin tana aiki biyu. Ana kaɗa ta a tsakar gida ko da babu wuta, a kuma jona ta da lasifika a wurin biki ko coci ko ɗakin ɗaukar waƙa.

Sai dai kuma wannan falala tana tafe da haɗari, domin mai saye kaya biyu yake saye a lokaci guda, wato aikin kafinta da aikin mai lantarki. Wanda bai san inda zai duba ba, yana iya zuba kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa a kan abin da ba zai kai shekara ba.

Wace irin jita ce?

Jita ta samu gindin zama a yankin Sahel musamman ta hannun makaɗan Abzinawa. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta ci lambar yabo ta Grammy a 2012 da faifanta mai suna Tassili, yayin da Bombino na Agadez ya zama ɗan Nijar na farko da aka zaɓa cikin masu takarar lambar a 2019.

Shi kuwa Mdou Moctar, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke, abin da ke nuna irin wahalar samun wannan kayan kiɗa a yankin.

Jitar da ake magana a kai tana da akwati mai rami wanda ke ƙara wa tsirkiya amo, kamar yadda ƙoƙon garaya ko na goge ke yi. Bambancinta da jitar katako zalla shi ne wata 'yar siririyar na'ura da ake kira fiyezo, wadda galibi ake kwantar da ita a ƙarƙashin farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kan jaki.

Idan tsirkiya ta girgiza, sai ta matsa na'urar, ita kuma ta mai da matsin zuwa lantarki. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, su ne suka gano wannan ɗabi'a ta wasu duwatsu a 1880.

Kamfanin Ovation na Amurka ne ya yaɗa irin wannan jita a farkon shekarun 1970, daga bisani Takamine na Japan ya bi sahu. A yau kusan duk manyan kamfanoni, ciki har da Yamaha da Martin da Taylor, suna ƙera ta.

A fara da wuya

Masu saye da yawa kan ruɗu da sheƙin fenti da sunan kamfani. Amma lafiyar jita a wuyanta take.

Tsirkiyoyin ƙarfe guda shida suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kimanin kilo 70, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Da shekaru suka ja, wannan ja yakan lanƙwaso wuyan gaba.

Hanya ta farko ta ganewa ita ce a ɗaga jitar a kalli tsawon wuyan daga kansa zuwa akwati, kamar yadda kafinta ke duba katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan a tsakiya ba laifi ba ne, hasali ma ana bukatarsa. Amma idan wuyan ya murɗe, gefe guda ya fi ɗaya tudu, to gara a haƙura da jitar.

Hanya ta biyu ita ce auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙananan ƙarafan da ke gicciye a kan wuya. A kan ƙarfe na 12, tsirkiya mafi kauri ya kamata ta tashi da kimanin milimita 2.5, mafi siranta kuma ƙasa da milimita 2.

Idan tazarar ta zarce milimita 4, yatsu za su sha wahala, sauti kuma ba zai zauna daidai ba.

A nan ne ake bukatar lura da farin ƙashin da ke kan jaki. In yana da tsayi, ana iya goge shi a rage tazarar, kuma aiki ne na 'yan mintoci. Amma in an riga an goge shi har ya kusa shafewa, tsirkiyoyin kuma har yanzu suna sama, wannan alama ce cewa sai an cire wuyan baki ɗaya an sake dasa shi.

Wannan gyara na daga cikin mafi tsada a sana'ar, kuma a kan jita mai araha kuɗinsa kan zarce kuɗin jitar kanta. Bugu da ƙari, ba kowane gari ne ke da gwanin da zai iya shi ba.

Akwai kuma wani sandan ƙarfe da ke ɓoye a cikin wuya, wanda ake juya shi da ƙaramin makulli don miƙe wuyan. Ya kamata mai sayarwa ya ɗan juya shi a gaban mai saye. Idan ya ƙi motsi, ko kuma yana juyawa fayau ba tare da ya kama komai ba, to akwai matsala babba.

Jaki da fuskar akwati

Daga wuya sai jaki, wato katakon da aka manna a fuskar akwati wanda ke riƙe da gindin tsirkiyoyi.

Gwajinsa mai sauƙi ne. A ɗauki takarda a yi ƙoƙarin cusa gefenta a ƙarƙashin jakin ta baya. Idan ta shige, gam ya fara saki, kuma wata rana jakin zai iya ɓallewa ana tsakiyar kiɗa.

Haka kuma a duba fuskar akwatin daga gefe. Ɗan tudu kaɗan a bayan jaki abu ne da aka saba gani, amma kumburi mai yawa tare da lotsawa a gaban jakin na nuna cewa sandunan da ke tallafe da fuskar daga ciki sun saki.

Ana iya tabbatar da haka ta hanyar ƙwanƙwasa fuskar a hankali da yatsa, wuri-wuri. Inda sanda ya saki, za a ji ƙara irin ta fasasshiyar ƙwarya. Fitilar wayar salula da ƙaramin madubi su ma suna taimakawa wajen leƙa cikin akwatin ta bakin raminsa.

Ƙarafan wuya kuwa, na farko-farko ne suka fi cinyewa. Idan tsirkiya ta haƙa musu ramuka masu zurfi, jitar za ta riƙa zuza. Saboda haka a bi kowace tsirkiya a danna ta a kan kowane ƙarfe, daga farko har ƙarshe, ana saurare.

Matsalar hunturu

Akwai abin da mai saye a Kano ko Damagaram zai yi la'akari da shi, wanda bai cika damun mai saye a bakin teku ba, wato bushewar iska.

Manyan kamfanonin jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A lokacin hunturu kuwa, danshin iska a yankin Sahel kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari.

Katako na shan danshi ya kumbura, ya kuma tsuke idan ya bushe. Don haka jitar da ta shekara goma lafiya lau a Turai, ta kuma sauka a Legas ko Kwatano babu tabo, tana iya tsagewa cikin 'yan makonni bayan an kai ta arewa.

Alamar farko ta bushewa ita ce bakin ƙarafan wuya su fito suna kartar hannu, domin katakon ya tsuke ya bar ƙarfe. Daga nan fuskar akwati ta lotsa, sai kuma tsaga ta biyo baya.

Wannan ne ya sa tsada ba lallai ta zama alheri ba. Jitar da aka yi fuskarta da katako guda ta fi daɗin amo, ta kuma fi tsada, amma ita ce ta fi saurin tsagewa. Wadda aka yi da fale-falen katako da aka manne, ko da yake amonta bai kai na waccan ba, ta fi jure wa zafi da bushewa da tafiye-tafiye.

Ana bambance su ta duban bakin ramin akwati. Idan jijiyoyin katakon sun gangaro daga sama har ƙasan kaurinsa, katako guda ne. Idan kuwa aka ga hawa-hawa, to manne shi aka yi.

Wanda ya zaɓi mai katako guda, dole ya tanadi akwatin ajiya mai rufewa sosai, ya riƙa sa ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin wani ƙaramin gwangwani mai huji yana ajiyewa a ciki, ba tare da ruwa ya taɓa katakon ba. Kada kuma a bar jita cikin mota a rana, domin zafin na sassauta gam.

Gwajin lantarki

Bai kamata a sayi irin wannan jita ba tare da an jona ta da lasifika an ji ba, ko da mai sayarwa ya ce batir ne kawai ya mutu.

Yawancinsu suna amfani da batir mai ƙarfin bolt 9, saboda haka yana da kyau mai saye ya je da sabo a aljihunsa, da kuma wayar jonawa wadda ya tabbatar tana aiki.

A fara buɗe gidan batir. Idan aka ga wani farin gari ko kore-kore a jikin ƙarafan, tsohon batir ne ya zubar da ruwansa, kuma mai yiwuwa ya ci wayoyin da ke ciki.

Bayan an jona, a kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata ƙarfin sautinsu ya zo daidai. Idan wata ta fi sauran rauni, galibi farin ƙashin ne bai zauna sosai a kan na'urar fiyezo ba.

Sannan a murɗa duk maɓallan ƙara da rage sauti, a kuma ɗan girgiza wayar a inda ta shiga jikin jitar. Ƙarar ƙarce-ƙarce yawanci ƙura ce ko sakin soket. Gunjin da ke ɗaukewa da zarar an taɓa ƙarfen soket kuwa, matsalar wayar ƙasa ce.

Abin lura shi ne akasarin matsalolin lantarki suna gyaruwa a hannun mai gyaran rediyo, kuma ana iya sauya na'urar baki ɗaya. Jita mai lafiyayyen katako da mataccen lantarki ta fi wadda lantarkinta ke aiki amma wuyanta ya murɗe.

Jabu da kayan sata

Sunan da ke rubuce a kan jita ba hujja ba ne. A watan Nuwamban 2024, jami'an kwastan na Amurka sun sanar da kama jabun jitoci fiye da 3,000 masu ɗauke da tambarin Gibson a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne, da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18.

Jitar kirki tana da lambar kamfani, ko dai a takardar da ke manne cikin akwati, ko a katakon da wuya ya shiga, ko a bayan kai. Kamfanoni irin su Martin da Taylor suna bayyana a shafukansu na intanet yadda ake gane shekarar ƙira daga wannan lamba.

Idan an kankare lambar, ko an yage takardar, ko kuma farashin ya yi arha fiye da kima, akwai dalilin yin tsai. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma sayen kayan sata na iya kai mutum gaban hukuma. Don haka ya dace a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jitar, a kuma yi cinikin a gaban shaida.

Makaɗan da ke fita ƙasashen waje kuma su sani cewa yarjejeniyar CITES ta sa tsauraran ƙa'idoji tun 1992 a kan wani jan katako na ƙasar Brazil da aka yi tsofaffin jitoci masu tsada da shi. Ketare iyaka da irin wannan jita na bukatar takardar izini.

Lokacin ciniki

Idan aka kammala dubawa, sai a raba laifuffukan gida biyu.

Tsofaffin tsirkiyoyi, da ƙarcewar fenti, da makunnin ɗaure tsirkiya da ya saki, da soket mai motsi, duk ƙananan abubuwa ne da za a iya neman ragi a kansu.

Murɗaɗɗen wuya kuwa, da sandan ƙarfen da ya karye, da tsagar da ta ratsa inda wuya ya haɗu da akwati, ba abubuwan neman ragi ba ne, dalilai ne na fasa ciniki.

Wanda bai iya kiɗa ba tukuna, ya fi masa alheri ya tafi da wanda ya iya. Ya kuma ware wani abu daga cikin kuɗinsa domin sababbin tsirkiyoyi da saiti da jakar ajiya, domin kusan babu jitar hannu da ba ta bukatar ɗaya daga cikinsu.

Mai sayarwar da ya yarda da kayansa ba zai hana a zauna da jita na rabin sa'a ana gwada ta ba. Idan kuwa ya matsa a biya kafin a jona ta, to kasuwa ba ta ƙare a rumfarsa ba.