Dokar Shigo da Motocin Tsere a Ƙasar Amurka

Mutane da yawa suna tsammani in mutum ya sayi mota da kuɗinsa, ya biya kuɗin jirgi da na kwastan, shi ke nan, sai ya hau titi da ita. A ƙasar Amurka ba haka abin yake ba, musamman ga ƙananan motocin nan masu tsananin gudu waɗanda aka ƙera domin kasuwar Japan ko ta Turai kaɗai.

Asalin maganar shi ne, a shekarar 1966 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa doka cewa kowace sabuwar mota da za a sayar a ƙasar sai ta cika waɗansu sharuɗɗa na tsaron rai: irin fitilunta, da gilashinta, da ɗamarar kujera, da yadda jikinta zai jure karo. Akwai kuma wata doka dabam game da hayaƙi. Kamfanin da ke son sayar da wata irin mota a can, dole ya sadaukar da waɗansu daga cikinta a gwara su da bango don gwaji. Wannan aiki yana cin kuɗi ƙwarai. Saboda haka in mota ba a ƙera ta da yawa ba, sau da yawa kamfani yakan ga ribar ba ta kai wahalar ba, ya ƙyale kasuwar Amurka ɗungum.

Da farko akwai kafa. Mutum yana iya sayo mota daga Jamus, ya kai wa makaniki ya yi mata 'yan gyare-gyare, a karɓa. Cikin shekarun 1980 wannan ciniki ya bunƙasa har dillalan kamfanoni, musamman na Mercedes-Benz, suka kai kuka. A shekarar 1988 Majalisa ta toshe kafar. Tun daga nan motar da ba ta cika sharuɗɗa ba ba ta shiga sai ta hannun ɗan kasuwar da Gwamnati ta yi wa rajista, bayan hukuma ta yarda cewa irin motar tana gyaruwa, kuma sai an ajiye jingina ta ninki ɗaya da rabi na kuɗinta.

Amma dokar ta bar ƙofa guda. Motar da ta cika shekara 25 da ƙerawa an ɗauke mata sharuɗɗan tsaron nan duka, ta hayaƙi kuwa shekara 21 ce, muddin ba a canja mata inji ba. Daga watan da aka ƙera motar ake fara lissafi, ba daga shekarar da aka fito da samfurinta ba, kuma nan ne masu gaggawa sukan yi asara. Ga misali, motar Japan mai suna Nissan Skyline GT-R: samfurin R32 an soma ƙera shi a 1989, ya halatta daga 2014, samfurin R34 an soma a 1999, sai a 2024 na farkonsa suka sami shiga. Abin mamaki a nan shi ne, motar da aka hana tana da shekara 24 saboda haɗari, ita ce za a karɓa baɗi ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinta ba. A Kanada, maƙwabciyar Amurka, shekara 15 kawai ake jira.

Dukiya ba ta kankare wannan doka. Kamfanin Porsche bai ba da motarsa samfurin 959 a yi gwajin karo da ita ba, saboda haka da attajirin nan Bill Gates ya sayo ɗaya, sai kwastan suka riƙe ta shekara da shekaru. Wannan al'amari yana cikin abin da ya jawo sabuwar ƙa'ida a 1999, wadda ta yarda a shigo da motar da ke da muhimmanci na tarihi ko na fasaha domin nuni, in hukuma ta amince da irinta. Ko ita ma ba a yarda ta wuce mil 2,500 a shekara ba. Motar da aka shigo da ita da sunan tsere kuwa, filin tsere ne iyakarta.

Ya kamata a lura kuma cewa shigowa dabam, lamba dabam. Gwamnatin Tarayya ce ke da ikon bakin iyaka, amma jihohi ke yin rajista, kuma jihar Kalifoniya ta fi saura tsanani a kan hayaƙi. Haka nan lambar jiha ba ta halatta motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya canja lambar jikin mota don ta zama kamar tsohuwa, in an gane, akan ƙwace motar, wani lokaci a murƙushe ta.

Ga mai niyyar kawo irin waɗannan motoci Nijeriya, abin dubawa na farko shi ne sitiyari. Motocin da aka ƙera don Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake, domin a can hannun hagu ake bi. Amurka ba ta hana wannan ba. Nijeriya kuwa ta koma bin hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972, kuma ƙa'idodin hanya na 2012 sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ko tuƙa ta a kan titi, kome yawan shekarunta.