Tabon da Wesley Ya Gani a Jikin Mushtari

Saura ƙiris Anthony Wesley ya kashe kwamfutarsa ya je ya kwanta. Daren Lahadi ne, 19 ga Yuli, 2009, a Murrumbateman, wani ƙauye kusa da Canberra a ƙasar Ostareliya, lokacin da muke tsakiyar damina su kuwa sanyi yana ratsa ƙashi. Wesley ba ma'aikacin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ba ne, harkar kwamfuta ce sana'arsa. Amma a bayan gidansa yana da madubin hangen nesa mai faɗin inci 14.5, kuma in dai gari ya washe da dare, duniyar Mushtari yake saitawa, wadda Turawa ke kira Jupita.

Aikin ba irin na mai hoton biki ba ne, ƙyas ɗaya an gama. Iskar da ke samanmu tana sa hoto rawa, kamar yadda kwalta ke yi a idon matafiyi da tsakar ranar bazara. Shi ya sa masu wannan sha'awa suke ɗaukar bidiyo, hotuna dubbai, su bar kwamfuta ta tsince waɗanda suka fi fita, ta ɗora wani kan wani har hoto ɗaya mai kyau ya samu. A daren, wajen ƙarfe 12, iska ta ɓata masa aiki. Har ya kai hannu zai rufe, sai ya fasa, ya ce bari ya ba ta rabin awa.

Da ya dawo, sai ga wani baƙin ɗigo yana shigowa ta kusa da ƙarshen kudancin Mushtari. Da farko ya ɗauka guguwa ce, domin can ba a rasa su. Daga baya ya yi tsammanin inuwar ɗaya daga cikin watannin da ke zagaya ta ce, amma wurin bai dace ba. Nan ne naci ya yi rana: ya buɗe hoton da ya ɗauka na wannan gefen kwana biyu da suka wuce. Fes, babu ɗigo.

Ya aika wa masana saƙo a daren. Washegari madubin NASA da ke kan dutsen Mauna Kea a Hawai ya tabbatar wani abu ne ya faɗa wa Mushtari. Madubin Hubble da ke sararin samaniya, wanda aka yi wa gyara a watan Mayu ana cikin gwajin sabuwar kyamararsa, sai da aka katse gwajin aka juya shi can ranar 23 ga Yuli. Ɗigon nan da bai kai ƙwayar gero ba a allon Wesley, faɗinsa ya yi kusa da na tekun Pasifik. Abin mamaki, shekara 15 ke nan cif da makon da gutsattsarin tauraruwa mai wutsiya Shoemaker-Levy 9 suka yi wa Mushtari ruwan duwatsu a 1994. Waccan an san da zuwanta, kowa ya shirya. Wannan kuwa babu wanda ya ga faɗuwarsa, sai tabo.

Ni dai ban ga laifin manyan madubai ba. Layi ake bi kafin a samu awa guda a kansu, ba mai barin su su kwana suna gadin duniya ɗaya. Gadin ya rage ga irin su Wesley.

Ranar 3 ga Yuni, 2010, yana kan wannan aiki, ya ga wani haske ya walƙata a jikin Mushtari, kamar daƙiƙa biyu, ya ɓace. Can a Cebu ta ƙasar Filifin, wani mai irin wannan sha'awa, Christopher Go, shi ma kyamararsa tana kunne, ta kama hasken a daidai wannan lokaci. Aka bincika wurin daga baya, wannan karon ko tabo bai bari ba.